Ciyawar da Ta Ɓoye Ruwa

Assalamu alaikum Habibu,

Bayan gaisuwa ta uba ga ɗansa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mai ɗakinka Rabi da jikata Ummi. Allah Ya sa tafiyar da za ku yi ranar Asabar ta zama ta alheri. Ya kai ku Abuja lafiya, Ya tsare ku a hanya, Ya tsare ku a inda za ku sauka.

Na san za ka yi dariya ka ce tsoho ya fara ruɗewa, tunda daga Nassarawa zuwa Hotoro ba wata tafiya ba ce, ga kuma waya a aljihun kowa. To sau uku ina zaunar da kai a gindin mangwaron nan don in faɗa maka abin da ke cikina, sau uku ina ɓigewa da zancen taki da tiyo. Bakina ya ƙi, shi ya sa na sa hannuna. Ka yi haƙuri da rubutun, ajin yaƙi da jahilci ne iyakata, ba irin difilomarku ta aikin gona ba.

Ka roƙe ni bokiti ɗaya na saiwar ciyawar ruwan nan mai ganye huɗu. Ka ce mai gidan da ya ɗauke ka aikin lambu yana da tafkin ado a tsakiyar fili, kana so ka burge shi tun makon farko. Ka nuna mini hoton wurin a wayarka. Kai kana nuna mini girman gida, ni kuwa idona yana kan ƙofar ɗakin da za a ba ku, wadda ban ga ta fi taku ashirin daga bakin ruwan ba. Ummi kuma watanta biyu ke nan da fara tafiya, ba ta ganin ƙofa a buɗe ta ƙyale. Tun ranar nan abinci ba ya mini daɗi.

Saboda haka ga maganar da na riƙe shekara ashirin da biyar. Ƙanwarka Safiya ba zazzaɓi ne ya kashe ta ba. Ruwa ne ya ci ta, a tafkin da na haƙa da hannuna, a ƙarƙashin wannan ciyawar da kake roƙona. Shekararka huɗu a lokacin, ita kuma ba ta cika biyu ba. Zan faɗa maka inda na yi kuskure, don kada ka bi sawuna da Ummi.

Ka san ni mutumin fadama ne. A garinmu, can bayan Ringim, ciyawar nan ba abar kallo ba ce. Da ruwa ya kwanta a kwari take fitowa, shanu su tattake ta, mu ma mu bi ta kanta muna neman kifi. Ba ta fure, ba ta ƙamshi. Sili ne siriri, a kansa ganye huɗu a jere kamar an yanka da almakashi. Inda ruwa ke da ɗan zurfi ganyen ya kwanta luf a kansa, inda ruwa ya janye kuma ta miƙe tsaye kamar kowace ciyawa. Da yamma ganyen su haɗe su rufe, da safe su buɗe. Ban san tana da sunan boko ba sai da ka zo kana karanta mini shi daga littafi, har yau kuma bakina bai iya shi ba.

Lokacin ina aiki a gidan wani Alhaji a nan Nassarawa, ba gidan da nake yanzu ba. Ba zan kama sunansa ba. Ya riga mu gidan gaskiya, kuma ban zauna rubutun nan don in ɗora masa nawa laifin ba. Muna zaune a ɗakunan baya, ni da Innarku da yayarka Hauwa da kai da Safiya. Alhaji ya sa na haƙa masa ɗan tafki a tsakiyar fili, birkila ya shafe shi da siminti, ni kuma na kewaye bakinsa da fararen duwatsu. Zurfinsa bai wuce gwiwata ba. Ka riƙe wannan da kyau, bai wuce gwiwata ba. Bado na fara sa masa, matarsa Hajiya ta ce ya yi kama da kududdufin unguwa. Na sa kainuwa, ta ce na kawo mata gidan sauro. Da na je gida hutun Sallah sai na cusa saiwar mai ganye huɗu a buhu da lakarta na taho da ita, don kawai in ga me kuma za ta ce.

A nan na fara ɓata. Na san halin ciyawar nan sarai, na san yaɗo take yi ta ƙarƙashin laka, ba ta tsayawa inda aka ajiye ta. Abin da ya kamata shi ne in dasa ta a kasko in nitsa kaskon a ruwa. Amma kasko yana da jinkiri, ni kuma ina so a gani da wuri. Sai na juye baro biyu na laka a ƙasan tafkin na baza, na sake mata saiwa ta yi yadda take so. Kafin wata biyu ta rufe ruwan kaf, ko faɗin tafin hannu ba ka gani. Hajiya ta daina ƙorafi. Alhaji kuwa idan ya yi baƙi sai ya ƙwala mini kira, “Malam Idi, zo ka gaya musu daga ina ka samo wannan abu.” In zo in durƙusa ina murmushi, manyan mutane suna jinjina kai a kan ciyawar da shanun garinmu ke yi wa kashi. Kaina ya kumbura, ban ɓoye maka ba.

To kai ka dasa ta a kasko, ko a faffaɗar roba marar ɓuli. Laka mai danƙo za ka zuba, ba ƙasar taki ba, don taki yana ɓata ruwa ya kawo gansakuka. Ka kwantar da saiwar, ka yayyafa tsakuwa a kai don kada ta taso, ka nitsa kaskon yadda ruwa ba zai fi kamu ɗaya a kansa ba. Duk mako ka sa hannu ka lalubo yaɗon da ya tsallake bakin kaskon ka datse. Kashi biyu cikin uku na tafkin ya zama ruwa ne tsirara, wanda duk mai ido zai hango daga nesa ya san ruwa ne. Ranar da ka ga ganye ya fi ruwa yawa, ranar ka makara da almakashi. Kuma idan ka ji ana yabon aikinka a gaban baƙi, ka koma ka sake duba aikin, don ni a lokacin yabo ne na daina dubawa.

Na biyu ya fi na farko muni. Alhaji ya dawo daga wata tafiya ƙasar waje da hoton wani lambu, ya nuna mini. A hoton ciyawar fili ta tafi sumul har cikin ruwa, ba dutse ba dakali. Ya ce, “Za ka iya irin wannan?” Tambaya ya yi, Habibu, ba umarni ba. Da na ce masa akwai yara a gidan, na tabbata da ya bar zancen, don shi ’ya’yansa sun girma suna makarantar kwana, hankalinsa bai kai nan ba. Nawa hankalin ne ya kamata ya kai. Amma sai na ce, “Ranka ya daɗe, har wanda ya fi shi.” A yini ɗaya na kwashe fararen duwatsun nan a baro na jibge su bayan gareji. Na ciko ƙasa har ta yi daidai da bakin simintin, na shimfiɗa ciyawar kafet a kai. Ina barin tiyo a buɗe ruwa yana ɗan malala, gefen ya zauna da danshi. Mai ganye huɗu kuwa abin da take so ke nan. Ta hauro daga ruwa ta shiga cikin ciyawar fili ta cakuɗa da ita. Ni da na haƙa ramin, sai na taka a hankali nake gane inda ƙasa ta ƙare.

Akwai kuku a gidan, Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, dattijo mai ’yar furfura. Wata safiya ya same ni ina yankan fure ya ce, “Malam Idi, ka mai da duwatsun nan. Ni da nake babba, jiya na fito da tire saura kaɗan in taka.”

Na ce, “Yohanna, kai dai ka tsaya a kan tukunyarka. Na taɓa shigowa kicin na ce miyarka ta yi gishiri?”

Ya ce, “Miya idan ta yi gishiri zubarwa ake yi a sake wata. Kai yara gare ka a gidan nan.”

Na juya masa baya na ci gaba da yankana. Abin da ya hana ni ji ba komai ba ne illa girman kai: kuku ne zai koya mini aikin lambu. Saboda haka ka saurari duk wanda ya ce maka wurinka yana da haɗari, ko mai gadi ne, ko mai shara, ko mai kawo ruwan leda. Wanda bai san sunan fure ko ɗaya ba yana iya ganin abin da kai ka daina gani saboda sabo. Kuma ka sani, mai gida kyau yake so, don shi a mota yake shigowa ya hango lambu ta gilashi. Ku da ke ɗakin baya, ku ne kuke taka ƙasar da ƙafa. Idan ya nemi abin da zai cuci na ɗakin baya, ka ce masa a’a da ladabi, ka faɗa masa dalili. Yawancinsu suna ji idan an faɗa musu. Mu ne ba ma faɗa.

Yanzu ranar. Asabar ce, da hantsi, damina ta kusa ƙarewa. Alhaji zai yi baƙi bayan azahar, ni kuma tun da sassafe nake ta fama da gaban gida, ina so ko ganye ɗaya kada a gani a ƙasa. Hauwa tana islamiyya. Innarku ta ɗauki dawa za ta kai niƙa Tudun Wada. Ta biyo ta inda nake ta tsaya ta ce, “Malam, zan kai niƙa, ga yara nan.” Na ce “To,” ban ko juyo ba. Na ji ta sarai. Na amsa mata da bakina.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Ina riƙe da tiyo ina ba furannin bakin ƙofa ruwa sai ga ka, ka ja mini wando ka ce, “Baba, Safiya ta kwanta a ciyawa.” Na ce, “Bar ta ta kwanta, je ka yi wasa.” Ka tafi. Can ka dawo ka sake jan wandona ka ce, “Baba, ta ƙi tashi. Rigarta ta jiƙe.” Na daka maka tsawa na ce ka ba ni wuri ina aiki, idan ka ƙara dawowa sai na zane ka da tiyon nan. Ka tafi kana kuka. Kukan naka ne ya fito da Yohanna daga kicin, ya tambaye ka, ka ja shi ka nuna masa.

Ihunsa na ji. Da na zagayo na same shi tsaye a cikin tafkin, ruwa iya ƙwaurinsa, yana ɗauke da ita, ganye duk ya manne mata a fuska da gashi. Taku biyu kawai ta yi daga inda ƙasa ta ƙare. Ta faɗi ruf da ciki, saiwar ta sarƙe mata hannu, ciyawar ta koma ta rufe gefenta, sai bayan rigarta ake gani. Ko ƙara ba ta yi ba, ko ta yi ban ji ba saboda ƙarar ruwan tiyo. Yohanna ya kwantar da ita ya yi ta danna mata ƙirji yana hura mata baki yana kiran sunan Allah da yarensu. Ni ina tsaye. Sai daga baya na lura tiyon yana hannuna har lokacin, yana zuba.

Habibu, ka ji ni da kyau a nan. Ba ka da laifi ko na ƙwayar zarra. Kai kaɗai ne a gidan nan ka yi abin da ya kamata. Yaro ɗan shekara huɗu ya ga abin da bai gane ba, ya je wurin ubansa sau biyu, ya faɗi iyakar abin da bakinsa ya iya. Da na ajiye tiyon a zuwanka na farko, wataƙila da yau Safiya tana ɗakin mijinta da ’ya’yanta. Allah ne Ya san wannan, kuma kwananta ne ya ƙare, na yarda. Amma yarda da ƙaddara bai taɓa goge mini muryarka ba. Na yi ta addu’a ka manta, kuma ka manta, ban taɓa jin ka tayar da zancen ba. Duk da haka akwai abin da ya rage maka, don har ka yi aure ba ka zuwa mini da magana sau biyu. Idan ka faɗa ban amsa ba, shi ke nan ka haɗiye. Mutane suna cewa kana da kawaici. Ni na san inda ka koye shi.

Nasihata a nan gajeriya ce. Idan yaro ya ja maka riga, ka ajiye abin da ke hannunka ka bi shi. Sau tara cikin goma ƙadangare zai nuna maka ko murfin kwalba. Ka je duk da haka. Ba furen da zai mutu don an bar shi minti biyu, ba kuma baƙon da zuwansa ya kai wannan.

Alhaji da kansa ya ja mota ya kai mu asibiti, likita ya duba ya ce ta riga ta cika. A hanyar dawowa ina rungume da ita a kujerar baya, ya rage gudu ya ce, “Malam Idi, Allah ne Ya karɓi abarSa. Idan aka ce ruwa ne, ’yan sanda za su shigo, a yi ta ja da gawar yarinya. A ce zazzaɓi ne ya shiɗe ta, a rufe ta yau.” Shi ma abin ya taɓa shi. Ba tilasta mini ya yi ba. Na amince tun kafin ya rufe baki, kuma ba don gawar yarinya ba. Na amince ne don idan aka ce ruwa ne, tambaya ta gaba ita ce wa ya kwashe duwatsun, kuma ina uban yake. Na ji tsoron rasa aiki da ɗaki, amma na fi jin tsoron idon mutane. Bayan la’asar aka rufe ta. ’Yan garinmu suka zo gaisuwa suna cewa zazzaɓin bana ba shi da kyau, ina cewa wallahi kuwa. Yohanna bai ƙaryata ni a gaban kowa ba. Wata bai cika ba ya ajiye aikin ya koma gida, ya yi sallama da kowa ban da ni.

Kada ka sayi rufin asiri da ƙarya a kan abin da zai iya sake faruwa. Da na faɗi gaskiya a lokacin, da masu lambun unguwar nan sun ji, da kowa ya koma ya duba tafkin gidan da yake aiki. Shirun da na yi bai kare kowa ba sai ni. Shekaru bayan haka na shiga gidaje da dama a Nassarawa na ga irin tafkin nan ba shinge, wasu ma daga wurina aka karɓi irin ciyawar, na sunkuyar da kai na wuce.

Saura wanda ya fi yi mini nauyi, shi ne na Innarku. Ita ta san ruwa ne, ta dawo da garinta a ka ta tarar da mutane. Ta yi shiru da zancen zazzaɓin saboda na ce ta yi. Ranar sadakar uku, bayan mata sun watse, ta zauna a bakin ƙofa ta ce, “Malam, da zan fita ban ce maka ga yara nan ba?”

Na ce, “Ban ji ba.”

Ta dube ni ta ce, “Ka ce to.”

Na ce, “Da mai gadi nake. Ke ma kin san tiyo yana zuba, da kin ɗaga murya.”

Ba ta sake tambaya ba har ta koma ga Allah. Shekara goma sha bakwai ta yi bayan nan tana ganin ita ce ba ta ɗaga murya ba. Ka tuna yadda ba ta barin ruwa a bokiti ko na alwala, sai ta kife shi? Ka tuna dukan da ta yi maka ranar da aka ce an gan ka kana wanka a kududdufi, har maƙwabta suka shigo suna cewa matar nan ta haukace? Ba hauka ba ne. Kayan da na sauke daga kaina na ɗora mata ne take ɗauke da shi. Tun daga ranar da Safiya ta rasu ba ta ƙara kai niƙa da kanta ba. A ciwonta na ƙarshe na zauna kusa da ita kwana da kwanaki, kalma uku kawai ake bukata, na ji ki. Kullum sai in ce bari ta ɗan samu sauƙi tukuna. Ba ta samu ba. Na nemi gafarar Allah, ina kan nema, amma haƙƙinta ne, kuma wadda za ta yafe ba ta nan. Wannan shi ne abin da nake tsoron tararwa.

Saboda haka ga Rabi nan. Yarinya ce mai hankali, za ta bar danginta ta bi ka garin da ba ta san kowa ba. Idan ta ce maka ga yarinya nan, ka juyo ka dube ta, ka karɓi yarinyar a hannu, sannan ka ce to. Idan kai ne za ka fita, haka. Kada Ummi ta taɓa zama a tsakaninku kowa yana zaton tana wurin ɗayan. Idan kuma wani abu ya ɓaci ta dalilinka, ƙarami ko babba, ka ce ni ne tun ranar, tun da zafinsa. Kwana ɗaya idan ya wuce faɗar ta ƙara nauyi, shekara idan ta wuce ba ta faɗuwa. Ka ba Rabi takardar nan ta karanta. Hauwa kuwa ni zan je gidanta in faɗa mata da bakina, ya kamata a ce ko mutum ɗaya ya ji daga bakin nan.

Za ka ce to me ya sa har yau nake renon ciyawar. Bayan rasuwar Safiya, Alhaji ya sa na cike tafkin da ƙasa. Na tuge ta, na shanya, na ƙone. Damina uku bayan nan ruwa ya kwanta a wurin, sai ga ta ta fito, ganye huɗu huɗu, kamar ba a yi komai ba. Tana da wasu ’yan ƙwayoyi masu tauri a gindinta, kamar ƙananan wake, da suke kwanciya a busasshiyar ƙasa shekara da shekaru suna jiran ruwa. Shi ya sa idan ka datse ta kada ka zuba a kwata ko a bayan katanga, ka shanya ta a kan siminti ka ƙone. Ranar da na gan ta ta dawo na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar jana’iza. Daga baya na gane fushin da nake yi da ita na banza ne. Ita halinta ta yi, wanda na sani tun ina yaro. A gidan da nake yanzu tana cikin kwamin siminti mai tsayi iya ƙuguna, a kasake uku, kuma ni na ce sai haka ko a nemi wani mai lambun.

To ga sharaɗina. Bokitin yana nan a gindin mangwaro, na haɗa maka, saiwa mai kyau ce. Amma ba za ta shiga ruwan gidan can na Abuja ba sai an yi shinge. Kafin ka kwance kayanka, ka je wurin mai gidan ka gaishe shi ka ce kana da ’yar da ta fara tafiya, kana so a kewaye tafkin da ragar ƙarfe, da ƙofa mai sakata a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Mai walda zai gama shi a kwana biyu, kai kuma ka san furen da za ka jera a jikinsa ya zama ado. Bakin tafkin a sa masa dutse mai haske wanda ido zai gani. Kafin a gama, ƙofar ɗakinku a rufe take, Ummi kuma a bayan uwarta. Idan ya ce shinge zai ɓata masa tsarin lambu, kada ka yi gardama, kada kuma ka ce bari a ga yadda za a yi. Ka yi masa godiya, ka ɗauko iyalinka ku hau mota ku dawo. Ba wanda zai yi maka dariya a gabana. Aikin lambu bai ƙare a Kano ba, ni da kai za mu raba wanda nake yi.

Za ka ga kara jingine da bokitin, na ɗaure shi da tsumma a jikin mariƙin. Kada ka yar, kada ka bari a karya shi a mota. Jiya da Rabi ta kawo mini Ummi sallama, na tsayar da ita a jikin bango na sa ta ɗaga hannu sama iyakar ƙarfinta, na auna, na ƙara kamu ɗaya a kai, na yanke. Shi za ka miƙa wa mai walda. Shingen kada ya gaza tsawon karan nan ko da yatsa ɗaya. Ita ta ɗauka wasa muke, tana ta dariya tana kama karan tana cewa in sake. Rabi ta ce, “Baba, lafiya hannunka yake rawa?” Na ce mata tsufa ne.

Ba tsufa ba ne. Sau ɗaya na taɓa auna yaro da kara kafin jiya. Mai gadi ne ya karyo shi daga ’yar masarar da na shuka a bayan ɗaki, ya miƙo mini ya ce in auno Safiya a kai wa masu haƙa kabari. Karan bai kai tsawon hannuna ba, Habibu. Wannan na biyun a tsaye na auna shi, mai shi tana dariya. Ka taimake ni ya zama shi ne na ƙarshe.

Allah Ya jiƙan Safiya, Ya jiƙan Innarku, Ya haskaka makwancinsu. Allah Ya raya Ummi, Ya tsare ta daga ruwa da wuta da sakacin manya. Ya ba ka arzikin da zai bar ka da iyalinka cikakku. Idan ka ga za ka iya yafe mini, ka yafe. Idan ba yanzu ba, ba zan ga laifinka ba. Ku sauka lafiya.

Wassalam,
Mahaifinka, Idi.